Tashar Jirgi a Gonar Kawu

A gefen tabkinmu na Madarunfa akwai wani wuri da har yau tsofaffi ke kira Tashar Jirgi. Baƙo in ya ji sunan sai ya ɗauka don jiragen masunta ne, tunda nan suke ɗaure su yanzu. Ba haka ba ne. Jirgin ƙasa ake nufi, kuma jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba, ko ƙarfen dogo ɗaya ba a shimfiɗa ba. Ina cikin ƴan kaɗan da suka rage waɗanda suka ga yadda sunan ya samu, kuma da hannuna a ciki, ko da yake har yanzu ban iya cewa ga iyakar laifina ba. Zan faɗi abin da na tuna. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

A shekarar na dawo gida ke nan daga makarantar horon malamai, ina jiran takardar da za ta gaya mini lakwal ɗin, wato makarantar bokon, da za a tura ni. Ba a daɗe da soke aikin tilas ba, kuma mutane ba su gama yarda an soke shi ba. Duk Nasaran da ya sauko daga mota da takarda a hannu, sai maza su fara tunanin wane ne za a ɗauka wannan karon.

Wurin da nake magana gonar kawuna ce, wan mahaifiyata. Gidansu Anna ne, masu bin addinin gargajiya. Ita ta musulunta da ta auri babana, shi ya zauna a kan abin iyayensa. Gonar ta gado ce, ta gangara har bakin ruwa, kuma a tsakiyarta akwai tsamiya babba. A gindin tsamiyar akwai tukunya da aka binne rabinta tun zamanin kakan kakansa, in ji shi. Kowace shekara kafin shuka sai ya yanka jan zakara a wurin, ya zuba ruwan gumba, ya yi maganar da ba na jin ta sosai. Babana ya rasu ina ƙarami, kuma geron wannan gona muka ci har na girma. Dangin babana ba sa son tsamiyar. Baffana ya sha cewa da za a samu mai sare ta da ya ba shi goro, amma geron in an aiko ba ya mayarwa.

Wata safiya da bazara, ana tsakiyar sharar gonaki, mota ta tsaya kusa da tabki. Nasara ɗaya ya fito da lebura uku da tafinta, da wani abin hange mai ƙafa uku. Suka ja igiya daga wajen hanya har cikin ruwa, suna kafa turaku masu jan kai. Igiyar ta ratsa gonar kawu, ta wuce gindin tsamiya da tazarar da ba ta fi taku biyu ba. Ina wucewa ne Nasaran ya gan ni da wando irin na ƴan lakwal, ya yafito ni. Ya tambaye ni ko na iya Faransanci, na ce na ɗan iya. Ya tambayi mai gonar, na faɗa masa sunan kawu, ya rubuta. Ya tambayi inda ruwa ke kawowa in damina ta yi albarka, na nuna masa da hannu wani wuri ƙasa da tsamiya kaɗan. Maganar ba ta fi haka ba. Amma mata masu wanki sun gan ni ina nuna gonar da hannu, Nasara yana rubutu.

Kafin su tafi tafinta ya bar takarda ɗaya a fada, ya ce kada wanda ya taɓa turakun, tasha za a yi. Aka tambaye shi tashar me, ya ce shi dai tasha aka ce masa. Tafintan mutumin wajen Ɗan Issa ne, ya yi zama a ƙasar Ingilishi, kuma ina jin can ya samo kalmar.

A cikin masu zaman fada akwai wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana kai gyaɗa Ƙaura da jakuna, inda dogo ya ƙare. Shi ya warware wa mutane. Ya ce tasha iri ɗaya ce ake farawa da igiya da turaku, ita ce tashar jirgin ƙasa. Ya ce ya ji daga bakin mutanen can yadda aka yi tasu: igiya ta fara zuwa, bayanta masu gatari, bayansu ƙarfe, kuma duk abin da igiya ta taɓa, gida ne ko gona ko kushewa, ya tafi. Ya ce jirgi ba ya kwana, ba ya kewaye itace, kuma yana shan ruwa fiye da garken raƙuma, shi ya sa aka zaɓi bakin tabki. Wannan magana ta ƙarshe ita ta kama mutane, don ta yi daidai da abin da suka gani da ido. Kafin la'asar duk gari ya san jirgi na zuwa, kuma ya san wanda ya nuna gonar.

Ba wanda ya ce mini komi. Sai dai in na iso inuwar da ake hira, sai hirar ta koma kan farashin wake. Mahaifiyata ta ajiye mini tuwo ta zauna can nesa, sannan ta tambaye ni ko baffana ya yi mini wata magana a kwanakin nan. Na ce a'a. Ta ce to, ta tashi. Baffan kuwa da muka haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana murmushi, a gaban kowa. Wannan riƙon ya fi komi ɓata ni.

Kwana uku bayan haka kawu ya zo da hantsi, takardar fada a naɗe cikin hularsa. Ya roƙo aka ba shi aro. Tun da na dawo yake kirana Mushe, kamar yadda yara ke kiran malamin lakwal, da can da wasa. Ranar ban ji wasa a ciki ba.

“Mushe, duba mini wagga takarda. Kai muka kai ka koyo.”

Na duba. Ƴan layuka ne, da hatimi a ƙasa, kuma an buga ta da injin da ya ci wasu haruffa. Kalmar da ke tsakiya ita ce station, sai wata doguwar kalma a bayanta wadda ban taɓa gani ba a littafin da aka karantar da mu. A nan ne ya kamata in bayyana abin da na sani a lokacin. A Faransanci tashar jirgin ƙasa gare ake ce mata. Duk ɗan lakwal ya san wannan, akwai hotonta a littafin karatu na aji uku, da hayaƙi da mai hula yana busa usur. Kalmar station kuwa Ingilishi ne ke kiran tashar jirgi da ita, daga can Hausa ta samo tasha. Tafinta ya ga kalma mai kama da wadda ya sani, ya juya ta yadda aka saba a can. Na ga wannan tun a karatun farko, kuma zuciyata ta ce mini ba jirgi ba ne.

Amma na tuna wani malaminmu Nasara ya taɓa cewa a birnin ƙasarsu akwai jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma wuraren tsayawarsa station ake ce musu. Na kuma tuna doguwar kalmar da ban sani ba, wadda za ta iya zama komi. An koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, kuma ni na ɗauki wannan koyarwa da gaske fiye da abokaina. Sai na ce wa kawu a ganina mai yiwuwa ba jirgi ba ne, amma ba zan iya cewa lalle ba jirgi ba ne, don kalmar tana da fuska fiye da ɗaya.



“Kalma mai fuska biyu,” ya ce. “Ita ko mai karanta ta?”

Na ce masa ban nuna gonarsa don a ɗauke ta ba, tambayata aka yi na amsa. Ya ce shi bai ce na nuna ba. Ya ce da yana yaro in Nasara ya tambayi gonar wane ce, ana ce masa ta wani ce da ya tafi Katsina bai dawo ba, amma ya ga yanzu a lakwal ana koya wa yara su amsa daidai. Ya naɗe takardar ya mayar cikin hula.

Na yi niyyar gyara abin. Na hau motar gyaɗa zuwa Maraɗi, na je biro, ofishin hukuma, na tambaya. Akawun da na samu ya ce Nasaran awo ba na nan ba ne, daga can sama aka aiko shi, ya riga ya wuce gabas, kuma shi bai ga wata takarda ba. Na rubuta masa doguwar kalmar kamar yadda na tuna ta, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce wataƙila na rubuta ba daidai ba. Wataƙila kuwa haka ne. Na nemi ƙamus a lakwal ɗin garin, mai makullin ɗakin ya tafi ƙauye. Na dawo da yamma hannu wofi, kuma tafiyar ta ƙara ɓata ni, don yanzu an ga na je biro. Wani ɗan kawu da muka tashi tare ya tare ni a hanya ya tambaye ni ko an riga an auna mini hular mai busa usur.

A cikin makonnin nan gari ya cika da lissafin abin da bai zo ba. Wasu sun ce za a tashi unguwar bakin ruwa gaba ɗaya. Wasu samari sun tsallaka iyaka tun kafin lokacin cin rani, don kada ɗaukar ƙarfen dogo ta same su a gida. Wani mai tireda ya fara share fili kusa da turakun zai kafa rumfa, sai aka fara zarginsa shi ma ya san wani abu. Kowa na kallon kowa. Turaku kuwa suna nan tsaye, akuya ba ta ture ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya kuskura ya taɓa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kawu ya sake zuwa, wannan karon bai shigo ba, ya tsaya a ƙofar gida da sandarsa. Ya ce irin da ya ajiye bai da yawa, shekarar da ta wuce ba ta yi kyau ba. In ya zuba shi a gonar aka zo aka tattake, ya rasa iri ya rasa shekara. Wani ɗan'uwansa a Gabi ya ce zai ara masa fili, jigawa ce ba ta kai tasa ba, amma ba igiya a kanta. Sannan akwai tukunya. Ba zai tsaya yana kallo lebura su fasa ta da diga ba.

“Ba karatu na zo ji ba,” ya ce. “Ɗan ƙanwata na zo tambaya. In shuka ko kar in shuka?”

Na daɗe ina juya wannan tambaya, shekara fiye da hamsin. A raina na fi karkata ƙwarai ga cewa ba jirgi ba ne. Amma na ji tsoron in ce ya shuka, jirgi ya zo, a ce na yaudare shi sau biyu. In ban faɗi gaskiya ba a nan ba amfanin rubutun: ina jin sunana na kare, ba gonarsa ba. Na ce masa in da ni ne da wataƙila na shuka, amma ba zan ɗauki nauyin cewa ya shuka ba, don ban tabbata ba.

“To, na ji,” ya ce. “Wanda ya sani ba ya son ya faɗa, haka yake magana.”

Ya ɗauki maganata a matsayin gargaɗi. A tunaninsa na san jirgi na zuwa, an hana ni faɗa, kunya ce ta sa nake kewaye. Kashegari da safe ya je gindin tsamiya da ƴaƴansa biyu manya. Ban je ba, daga nesa na hango. Ya yanka zakara, ya daɗe a durƙushe, sannan suka tone tukunyar da hannu, ba da fartanya ba. Suka naɗe ta da baƙin zane suka ɗora wa jaki, kawu na riƙe da ita ta gefe, suka kama hanyar Gabi. Mahaifiyata, wadda ta bar waɗannan abubuwa tun kafin a haife ni, ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai azahar.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, gonar kawu ta zauna ciyawa na cin ta. Ita ce gona mafi kyau a wannan gefen, kuma duk mai wucewa sai ya dube ta ya dubi gidanmu.

Gero ya kai gwiwa sa'ad da motar ta dawo. Mutane suka taru nesa kaɗan, maza a gaba, wasu sun riga sun ɗaura ƴan kayansu ko da za a yi kamu. Lebura suka sauke ƙarafa. Dattijon nan mai kai gyaɗa Ƙaura ya matsa ya duba, ya dawo ya ce dogo ne amma ƙanana, wataƙila na gwaji ne. Ƙarafa huɗu ne, in ban manta ba, kowane da farin allo mai baƙaƙen lambobi a jikinsa. Ba su kwantar da su ba. Tsaye suka kafa su, ɗaya a cikin ruwa, ɗaya a baki, sauran suna hawa gangaren bi da bi, na ƙarshe can ƙasa da tsamiya inda na nuna da hannu. Suka zuba siminti a gindinsu, suka tuge turakun suka jefa a mota. Kafin azahar sun gama.

Nasaran ya sake yafito ni. Na tambaye shi doguwar kalmar, ya yi dariya ya ce ma'aunin ruwa ke nan, suna son su san yadda tabki ke cika da yadda yake janyewa. Na tambaye shi jirgi fa. Ya ce wane jirgi? Da na gaya masa sai ya yi dariya har ya dafa mota. Ya tambayi dalilin da mai gonar bai yi shuka ba, ga ƙasa mai kyau. 

Sannan ya ce yana buƙatar wanda ya iya karanta lamba, ya duba ƙarafan kowace safiya ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, a aika Maraɗi ƙarshen wata. A garin ni kaɗai ne zaune ba aiki kuma na iya. Na so in ƙi, na kasa samun dalilin da zan faɗa masa da Faransanci. Ya miƙo mini kaye da fensir a gaban duk jama'ar nan.

Ba sai na faɗi yadda aka ɗauki wannan ba. An kafa tasha, mutum ɗaya ya rasa shekararsa, mutum ɗaya ya samu aiki, kuma kowa ya ga wane ne wane. Daga ranar samari suka sa mini Sarkin Tasha. In na nufi tabki da kaye sai wani ya yi kukan jirgi da baki daga bayan dawa. Wurin kuma ya zama Tashar Jirgi, da farko da ba'a, daga baya aka manta ba'a ce.

Jigawar Gabi ba ta ba kawu abin kirki ba. Wannan shekara ba a aiko mana da gero ba, mahaifiyata ce ta riƙa aika musu da ɗan abin da muke da shi, a ɓoye daga baffana. Bayan kaka kawu ya koma Gabi don ya dawo da tukunyar. Tsofaffin danginsu na can suka ce ba a yi haka. Abin da aka tashe shi da jini, aka zaunar da shi da jini a wata ƙasa, ya zauna ke nan, ba a yawo da shi kamar tabarma. Ya dawo da jakin ba kaya. Ban san ko dukan Anna haka suke ɗauka ba, wannan dai shi ne abin da aka gaya masa, kuma ya karɓa.

Takardar lakwal ɗina ta yi jinkiri, sai na yi kusan shekara ina duba ƙarafan. Ba hanyar zuwa wurinsu sai ta cikin gonar kawu. Da bazara ta zagayo ya fito shara, kullum ina samun shi a can. Ina gaishe shi yana amsawa, amsa cikakkiya, har ya tambayi mahaifiyata. Sannan in na wuce sai ya ce, ba tare da ya ɗago daga fartanya ba, “Mushe, ya iso?” In ce bai iso ba, Kawu. Ramin tukunyar yana nan a gindin tsamiya, bai cike shi ba, bai kuma bari yara su cike ba.

Wata safiya na tsaya na gaya masa duka: kalmomin biyu, da hoton littafin aji uku, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da cewa tun ranar farko zuciyata ta ce mini ba jirgi ba ne. Na ɗauka wannan zai wanke ni daga zargin haɗa baki da Nasara ko da baffana. Ya saurara har na gama, ya jingina da fartanya.

“Ashe ka sani.”

Na ce ban sani ba sani na tabbas, zato ne mai ƙarfi.

Ya ce da na haɗa baki da su, da ya san inda zai ajiye ni, don kowane gida akwai irin wannan. Amma a ce ina riƙe da magana a baki, ya zo har ƙofa ya tambaye ni, in bar shi ya ɗora kakanninsa a kan jaki, wannan bai san sunansa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in wuce, ruwa na jirana.

Hadarin farko na wannan shekara ya haɗu da hantsi, ina tsaye a bakin ruwa da kaye. Kawu na can sama da ƙwaryar iri, yana duban gabas, yana shakka ko ruwan zai kai na shuka. A shekarun baya, tukunyar yake tambaya irin wannan. Na rufe kayen na hau gangaren, na tsaya gabansa.

“Kawu, ka shuka.”

“Ka tabbata?”

Ban tabbata ba, ba wanda ke tabbata da hadari. Na ce na tabbata. Ya dube ni, ya dubi ramin da ke gindin tsamiya, sannan ya miƙo mini ƙwaryar ya ɗauki sungumi. Ya shiga gaba yana sara, ina binsa ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Ranar ban rubuta lamba a kaye ba, layin yana nan wofi.